Gidan kallon bal na 'yan Man U a Gusau: yadda ya kusa rufewa da abin da ya tsayar da shi

Gidan da zan yi bayani a kai yana wata unguwa a cikin Gusau, ba zan faɗi unguwar ba kuma ba zan faɗi sunan mai shi ba, zan dai riƙa ce masa Ciyaman kamar yadda yaran wajen suke kiransa. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, shi kuma ɗan Man U ne na ƙin ƙarawa, amma maƙwabtaka ta haɗa mu, kuma tun 2019 nake taya shi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a wani littafi mai bangon kwali, to duk lissafin gidan da za ku gani a nan daga littafin na ciro shi.

Asali: 2012 zuwa 2020

A watan Agustan 2012 ya buɗe wajen, rumfar kwano da katako ce a filin wani kawunsa, benci 20 kowanne yana ɗaukar mutum 6 in an matsu, talabijin biyu, dikoda ɗaya, fanka uku da ƙaramin janareta. Kuɗin shiga naira 50. Ya shafe bangon da jan fenti ya sa aka rubuta Old Trafford a saman ƙofa, kuma sa'ar da ya taka ita ce a wannan kakar ce Man U ta ɗauke Van Persie daga hannunmu ta ci kofin lig na 20 da shi, wanda shi ne na ƙarshe da Ferguson ya ci kafin ya yi ritaya a 2013. Benci biyu na gaba na 'yan Man U ne, ba a rubuce yake ba amma kowa ya sani, in baƙo ya zauna sai a ce masa malam matsa baya kaɗan.

Daga nan fa Man U ba ta sake ɗaga firimiya ba, Moyes ya zo ya tafi, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, amma gidan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A 2016 ya ƙara dikoda ta biyu don a riƙa nuna wasa biyu lokaci ɗaya, a 2018 kuɗin shiga ya koma 100. 'Yan Chelsea na unguwar yawancinsu Mikel Obi ne ya ja su da kofin zakarun Turai na 2012, 'yan Madrid da Barca kuma rigimar Ronaldo da Messi ce ta raba su, kuma duk a nan suke haɗuwa. Lokacin korona an tsayar da firimiya daga Maris har 17 ga Yunin 2020, wata uku ba ko sisi, ya lallaɓa da sayar da caja da gilashin waya har aka dawo.

Satumba 2021: watan da aka kashe waya

A farkon Satumban 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka hana sayar da mai a jarka, ga kuma dokar hana fita da dare. Duk wanda ya zauna Gusau a lokacin ya san yadda garin ya koma, ba kira ba WhatsApp ba Facebook, in kana son sanin sakamakon wasa sai rediyo ko gidan kallo, don shi dish ba ruwansa da layin waya. Kuɗin dikoda ƙaninsa ne ya biya daga Kano bayan an aika masa saƙo ta hannun direban mota, mai kuma sai ya cika tankin babur ɗinsa a gidan mai ya dawo ya zuƙe da tiyo ya zuba a janareta.

Ana cikin haka ranar Asabar 11 ga Satumba Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan ya dawo Man U, da Newcastle, ƙarfe 3 na rana, ya ci biyu aka tashi 4-1. Mutum 187 muka rubuta a ranar, sai da aka fito da talabijin ɗaya waje aka ɗora a kan tebur. Wasannin dare an yi asararsu saboda dokar, amma na rana ranar Asabar da Lahadi duk cika yake, kuma ba a taɓa samun kuɗin da aka samu a watan nan ba tun buɗe gidan. Ciyaman ya ce Ronaldo ne ya kawo su, Man U ta dawo, ya kwashe ribar ya ƙara da ajiyarsa ya sayo babban janareta da talabijin ta uku.

Ranar 24 ga Oktoba Liverpool ta je har Old Trafford ta zuba musu 5-0. Littafi ya nuna mutum 164 a ranar, alhali waya ta riga ta dawo a cikin Gusau.

2022 zuwa Maris 2023: alamun farko

Abu uku suka taru a wannan tsakanin. Samari da yawa sun yi wayar Android, ana turo musu link na kallon wasa a guruf su haɗa kuɗin data su huɗu su biyar su zauna a dakali su kalla. An buɗe wasu gidajen kallo biyu da ba su kai tafiyar minti goma daga nasa ba. Sannan Ronaldo ya rabu da Man U a Nuwamban 2022 ya tafi Al Nassr ta Saudiyya, yaran da suka shigo don shi suka bi shi. Wasan ƙarshen mako da a da ake samun 100 da wani abu sai ya koma wajen 70.

Sai ga ƙarancin takardun kuɗi na Fabrairu da Maris 2023 lokacin canjin naira, mutum yana da kuɗi a asusu amma naira 100 ta gagare shi a hannu, transfa kuma ka tura ta maƙale. Dole Ciyaman ya buɗe littafi na biyu, na bashi, kowa ya shiga a rubuta sunansa in ya samu ya kawo. Ranar 26 ga Fabrairu, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, Man U ta ci Newcastle 2-0 ta ɗauki kofin Carabao, mutum 81 suka kalla. Mako guda bayan nan, 5 ga Maris, Liverpool ta yi musu 7-0 a Anfield, mutum 143, fiye da rabi da bashi suka shiga, wasu ma bayan an ci na uku suka rugo da gudu.

Yuni zuwa Agusta 2023: mai

Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. Gidan yana shan wajen lita 90 a wata in kaka ta kankama saboda wuta ba ta zama a unguwar kuma babban janaretan nan ci gare shi. Tsarin DStv da yake biya, Compact Plus, shi ma ya tashi daga 14,250 zuwa 16,600 a Mayun, don su ma da dala suke sayen haƙƙin nuna wasannin. A da mai da dikoda biyu ba sa wuce 46,000 a wata, a Agustan 2023 sun kai 89,000, in ka sa yaron ƙofa da ƙananan gyare-gyare 104,000 ke nan, abin da ya shigo kuma bai fi 110,000 ba. Mutum mai mata da yara huɗu.

Gwaji na farko, Satumba 2023: ƙarin kuɗin shiga

Ya rubuta a allo a bakin ƙofa cewa daga yau 200 ne, bai yi shawara da kowa ba har ni. Makon farko an biya ana gunaguni, kafin ƙarshen Oktoba matsakaicin masu shiga ya faɗo daga 60 zuwa 28. Kuɗin da ake samu kusan ɗaya ne da na da, ɗan ƙasa ma, amma gidan ya zama wayam, ana cin ƙwallo ka ji ihu kamar na mutum biyar, mai shayi da mai tsiren da ke bakin ƙofa suka fara ƙorafi ciniki ya mutu. A Nuwamba ya sauko 150, a watan kuma dikoda ta koma 19,800 kowacce. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba, sun riga sun saba da dakali da waya. A Disamba Man U ta ƙare ta ƙarshe a rukuninta na gasar zakarun Turai.

Gwaji na biyu, Janairu 2024: an goge jan fenti

Wannan shi ne wanda ya fi yin ɓarna kuma shi ya fi wahalar ganewa a lokacin. Tunanin Ciyaman shi ne Man U ta zame masa kaya, kulob ɗin da ake ci kullum ba zai jawo kowa ba, masu farin ciki yanzu 'yan Arsenal ne da City da Madrid, to me zai sa su zo su zauna a ƙarƙashin allon Old Trafford. Sai ya yi amfani da gasar cin kofin Afirka da aka fara a Kodebuwa ranar 13 ga Janairu, ya sa aka shafe bango da farin fenti, aka cire allon, aka liƙa hotunan Saka da Haaland da Bellingham, ya ce benci na gaba na wanda ya riga zuwa ne.

Gasar Afirka ta rufe abin, don wasan Super Eagles da Afirka ta Kudu ranar 7 ga Fabrairu da na ƙarshe ranar 11 da Kodebuwa ta ci mu 2-1 duk ba masaka tsinke. Da aka gama aka koma firimiya sai benci biyu na gaba suka zama ba kowa. Akwai wani dattijo tsohon malamin firamare da tun 2012 yake zama a kusurwar dama, Baba kowa ke ce masa, shi ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba ya ce, "Ciyaman, shekara goma sha ɗaya ana cinmu muna biyanka, ba mu guje ka ba, yau kai ne kaf fara gudunmu? Mu munka raya wanga wuri." Ya juya. Kusan mutum 30 suka bi shi suka koma shagon wani tela da ke da talabijin, suna haɗa masa kuɗin mai.

'Yan sauran kulob ɗin kuma da aka yi fentin don su ba su ƙaru ba ko mutum ɗaya. Na tambayi wani ɗan Chelsea mai gyaran babur me ya sa ya daina zuwa bayan yanzu gidan na kowa ne, ya ce, "To yaya, in babu su wa za mu yi wa ihu? Ni ba Chelsea kaɗai ke kawo ni ba, in ga fuskar Baba in an zura musu, shi ne rabin kuɗina." A lokacin na ɗauka wasa yake.

Gwaji na uku, Maris zuwa Afrilu 2024: rage kashe kuɗi

Da azumi ya kama ranar 11 ga Maris, wanda dama kasuwar dare takan ja baya saboda tarawihi da tafsiri, sai ya ajiye dikoda ɗaya, ɗayar kuma ya sauko da ita ƙaramin tsari na 12,500 mai firimiya amma babu gasar zakarun Turai. Ya tsira da wajen 27,000 a wata. Abin da ya biyo baya shi ne daren 9 ga Afrilu da Madrid da City suka yi 3-3, da daren 17 da Madrid ta fitar da su a bugun fenareti, gidansa a rufe yake da kwaɗo, 'yan Madrid da Barca suka koma gidajen nan biyu suka zauna can.

Ya gwada sa wasan PlayStation da rana, bai yi wata ɗaya ba iyaye suka kai ƙara wajen mai unguwa yara suna gudun islamiyya, ya tattara. Wani ya zo masa da tayin ya ba shi kusurwa ya buɗe wajen caca ta ƙwallo zai riƙa biyan haya mai tsoka, ya ce ko zai rufe gidan ba zai ci wannan kuɗin ba, kuma dama unguwar ba za ta lamunta ba. A farkon Mayu Compact Plus ta koma 25,000. Ya ce min in kaka ta ƙare zai cire benci ya ba 'yan hatsi hayar rumfar su riƙa ajiye buhu. Ya dai biya babban tsarin na wata ɗaya a dikoda ɗaya, ya ce a rabu da mutunci.

25 ga Mayu 2024: littafi biyu

Wasan ƙarshe na kofin FA, Man U da City, bayan Man U ta gama lig ta 8. Duk unguwar ta fito kallon yadda City za ta yi musu kaca-kaca, su Baba kuma shagon tela ya yi musu kaɗan dole suka dawo suka zauna a baya suna cin magani. Mutum 171. Garnacho ya ci, Mainoo ya ƙara, aka tashi 2-1, wallahi sai da kwanon rumfar ya girgiza, na ga Baba ya tashi tsaye yana share ido da hularsa, Ciyaman kuwa ya manta da farin fentinsa ya hau benci.

Da dare muka zauna da littattafan biyu don rufe lissafi, ni dai niyyata in ga nawa ake binsa nawa yake bi. Sai na jera ranakun da aka fi cika tun 2019, na cire na Super Eagles, goma na sama takwas wasan Man U ne, kuma a cikin takwas ɗin biyar cinta aka yi. Na duba littafin bashi, sunaye 52 ne suke ta maimaituwa, ranar da Brentford ta yi musu 4-0 ba mu fara rubuta suna ba amma ranar da Bournemouth ta ci su 3-0 a gida a Disamban 2023, lokacin da gidan ya fi bushewa, kusan duk suna nan. A cikin 52 ɗin 47 sun biya bashinsu tas ba a bi su ba. Na tura masa littafin na ce Ciyaman duba nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gobe ka raka ni gidan Baba.

Yuni zuwa Agusta 2024: katin wata

Mun je da goro da kwalin sukari. Ciyaman ya durƙusa ya ce Baba na yi kuskure a yafe min, ya kuma faɗi gaskiyar lissafin gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi da kowa ba. Baba ne ya kawo shawarar, ya ce ai mu da albashi muka saba, kuɗin wata ya fi mana sauƙi a kan 150 kullum, ka yi mana kamar adashi. Aka kira taro a rumfar bayan la'asar, aka tsayar da naira 1,500 a wata, mai kati ya shiga duk wasan da ya ga dama, a biya kafin 5 ga wata ta transfa ko wajen mai POS na bakin titi, kuma ba Ciyaman ne zai bi mutane ba, su suka zaɓi ma'ajinsu wani mai shagon magani, shi zai tara ya kawo dunƙule. Wanda ba shi da kati 150, babban wasa 200. Jan fenti su suka haɗa kuɗi suka saya, allon Old Trafford dama bai jefar ba yana bayan ɗakinsa.

A Agusta mutum 46 suka karɓi kati, 69,000 ke nan kafin a buga ko wasa ɗaya, dikoda biyu na 50,000 suka fita a ciki. Tun da ya buɗe gidan wannan ne karo na farko da ya biya DStv ba tare da ya ci bashi ko ya jira cinikin Asabar ba.

Sauran kulob ɗin ba a roƙe su ba. Da suka ga 'yan Man U sun dawo gaba da katinsu ja sai 'yan Arsenal muka ce mu ma a ba mu benci, aka ba mu biyu a gefen hagu muka shafa musu fentinmu, 'yan Chelsea suka karɓi na dama, Madrid da Barca aka raba su da hanya a tsakani don a zauna lafiya. Kowane rukuni da ma'ajinsa. Zuwa Disamba akwai kati 126, Man U 54, Arsenal 27, Chelsea 21, Madrid da Barca 24. An yi rigima sau biyu a kan wajen zama ranar babban wasa tsakanin masu kati da masu biyan ƙofa, aka warware da mayar da talabijin ta uku waje ta dindindin. Dokokin da aka rubuta uku ne kawai, ba zagin iyaye, ba caca, in an kira magariba a kashe sauti a ba masu fita hanya.

Nuwamba 2024: sola

Kati ya magance dikoda amma bai magance mai ba, don a Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000, wato 90,000 a wata a janareta kaɗai. Mai haɗa sola ya yi masa lissafin fanel da inbata da batir biyu da za su riƙe talabijin uku da dikoda da fankoki, 980,000. Mutum 30 cikin masu kati, 22 'yan Man U ne, suka yarda su biya na wata takwas gaba ɗaya a kan 10,000 maimakon 12,000, aka samu 300,000. Ya sayar da babban janaretan 180,000, ya sayar da babur ɗinsa 350,000, surukinsa ya ranta masa 150,000. Ya bar ƙaramin janareta na da don daren da wasa ya kai ƙarin lokaci ko ranar hadari. Mai ya sauko daga lita 90 zuwa wajen 25, da rana kuma da ba wasa ya sa yaron ƙofa yana cajin waya. Watannin farko sun yi tsauri don kuɗin mutum 30 ya daina shigowa duk wata kuma a ƙafa yake yawo.

Kakar 2024/25: abin da ya fito

A fili kuwa Man U ba ta taɓa lalacewa irin wannan ba tun da aka fara firimiya a 1992. An kori Ten Hag ranar 28 ga Oktoba, Amorim ya zo, aka gama ta 15 da maki 42. Masu jan kati daga 54 suka koma 57. A Maris 2025 Compact Plus ta koma 30,000, wannan karon bai rubuta a allo ba, ma'aji huɗu ya kira ya buɗe musu littafi, su suka koma wajen mutanensu suka dawo da 2,000 a wata, mutum tara suka ajiye kati, ba ɗan Man U ko ɗaya a ciki. Daren 17 ga Afrilu da suka ci Lyon 5-4 a ƙarin lokaci Maguire ya sa kai a ƙarshe, batir ya yi ƙasa aka tayar da ƙaramin janareta ana tsaka da wasa, ba wanda ya motsa. Ranar 21 ga Mayu Tottenham ta ci su 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, mutum 178, na biyu a tarihin gidan. Daga Maris zuwa Mayu abin da yake rage masa bayan an cire komai har da biyan suruki da ajiyar sabon batir yana tsakanin 70,000 da 85,000 a wata.

Abin da na gani a ciki

A ganina Ciyaman ya yi shekara goma sha ɗaya bai san abin da yake sayarwa ba. Shi ya ɗauka nasarar Man U yake sayarwa, shi ya sa taron Satumban 2021 ya ruɗe shi ya sayi janaretan da ya kusa cinye shi, alhali kashe waya ne ya koro mutane, shi ya sa kuma da kulob ɗin ya lalace ya goge fenti. Jarinsa na gaskiya mutum hamsin ɗin nan ne da ba sa duba teburi kafin su fito, da kuma 'yan adawar da ke biyan kuɗi don su zo su same su a gidansu. Da ya kori na farko sai na biyun suka rasa abin zuwa gani.

Masu Man U ɗin can Ingila sun daɗe da sanin wannan. Iyalan Glazer na Amurka sun sayi kulob ɗin a 2005 kan wajen fam miliyan 790 suka ɗora masa bashin sayen, a Disamban 2023 bayan shekara goma ba firimiya Jim Ratcliffe ya amince ya biya sama da fam biliyan ɗaya a kan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Adidas ta sabunta yarjejeniyar riga a 2023 kan fam miliyan 900 na shekara goma. Kakar da suka yi na 8 sun samu fam miliyan 661.8, kakar da suka yi na 15 sun samu 666.5. Ba kofi waɗannan mutanen suke saye ba, irin su Baba suke saye, miliyoyinsu daga Manchester har Gusau, kuma wani ɓangare na 2,000 ɗin da Baba yake bayarwa duk wata yana bi ta DStv ya shiga kuɗin haƙƙin nuna wasa ya isa asusun kulob ɗin. Su ma in sun taɓa mutanen nan ba shawara suna ganin abin da Ciyaman ya gani, Super League, sabuwar gasar da manyan kulob ɗin Turai suka so su ware su kafa a Afrilun 2021, ba ta yi kwana uku ba ta rushe da magoya baya suka fito, tikitin fam 66 da aka sa a ƙarshen 2024 shi ma zanga-zanga ya jawo a Old Trafford. Ƙarin da aka yi zuwa 200 a allo ya kori rabin gida, ƙarin da aka yi zuwa 2,000 bayan an buɗe littafi mutum tara ya ɗauka.

Ba zan ce kati kaɗai ne ya cece shi ba, da bai sa sola ba mai zai cinye kuɗin katin, kuma da Man U ba ta ci City ranar nan ba ban san ko zuciyar Baba za ta yi sanyin da za ta karɓi goron ba. Akwai kuma waɗanda tsarin ya bari a baya, yara masu naira 50 da 100 da ba su da na kati, yanzu sai bayan hutun rabin lokaci ake barinsu su shiga kyauta su tsaya a baya, kuma har yau abin yana damuna.

Wani abin da yake ci min rai shi ne duk wannan soyayyar waje take tafiya. Muna da Zamfara United da ta taɓa buga babbar gasar ƙasar nan, ga filin Sardauna a cikin gari, kuma duk wanda ya taɓa ganin 'yan Kano Pillars sun cika filin Sani Abacha suna sai masu gida ya san ba a rasa masu son ƙwallon gida ba. Amma galibin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, daga baitulmali ake ciyar da su, to mai goyon baya bai zama jari ba balle a neme shi a ba shi kati. A rumfar kwano ɗaya mutum 126 sun yarda sun biya duk wata don kulob ɗin da ba su taɓa taka ƙasarsa ba.

Halin da ake ciki a Agusta 2025

An buɗe sabuwar kaka da kati 121. Man U ba ta samu shiga kowace gasar Turai ba a kakar 2025/26, ma'ana daren Talata da Laraba da Alhamis sai abin da Arsenal da Chelsea da Madrid da Barca suka kawo, kuma Ciyaman ya ce zai duba lissafin ƙofa a ƙarshen Oktoba kafin ya yanke ko dikoda biyun za su ci gaba da zama a babban tsari. Saura 25,000 a bashin suruki, ajiyar batir ta kai 240,000, babur bai saya ba tukuna. Wasan farko ranar 17 ga Agusta Arsenal ta ci su 1-0 a Old Trafford, mun rubuta mutum 156, Baba yana kusurwarsa ta dama.